Farin Cikin Ubangiji a Bakin Cokali: Aikinmu da Yara a Ƙetaren Iyaka

Jawabin da ma'aikatanmu masu hidima da yara a ƙasar Nijar suka gabatar a taron wakilan ikilisiyoyin karkara da aka yi a Kanya Babba bayan kaka.

   Mun kawo muku gaisuwa mai yawa daga 'yan'uwa na ƙetare, sun ce a gode muku saboda hatsi, da baiko, da addu'a.

Ku kuka aike mu, ɗan aike kuwa wajibi ne ya komo ya faɗi abin da ya gani. Tun da muka dawo, tambaya ɗaya ake ta yi mana: "Ba ku gaji ba?" Mun gaji ƙwarai. Amma a cikin gajiyar nan Ubangiji ya ba mu wani farin ciki, shi ne muke so mu gaya muku inda muka same shi, domin muna da tabbaci kowannenku zai iya samunsa a ƙofar gidansa.

Ƙetare ne, amma ba nesa ba

Idan aka ce ƙasar waje, wasu sukan tuna Ingila ko Amurka da jirgin sama. Tamu ƙasar wajen tana nan bayan Babura. Wanda ya tashi daga Kanya Babba da safe, ya bi ta Babura da Babban Mutum, zai iya cin abincin rana a Magariya, cikin jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Hausa suke ji, gero suke nomawa, fura suke damawa kamar mu. Sai dai makaranta a wurinsu lakwal ce, asibiti likita ce, kuɗinsu sefa ne, idan kuma aka ce maka jika ɗaya to sefa dubu ake nufi. Iyakar da ke tsakaninmu ta kai kusan kilomita 1,500, Turawan Ingila da na Faransa suka shata ta, amma ba ta hana aure da cin kasuwa ba. Da aka rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, har zuwa Maris 2024, kowa a nan ya ji a jikinsa.

Aikin bishara da na jinƙai ya daɗe a can. 'Yan mishan na SIM sun sauka a Damagaram a 1924, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, suka kuma kafa wurin jinyar kutare a Danja, kusa da Maraɗi. Su ne dai suka riƙe makarantar yara maza a nan Roni a zamanin kakanninmu. Duk da haka masu bi a Nijar kaɗan ne, ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Ƙaramin garke ne, nauyin da ke gabansa kuwa babba.

Nauyin shi ne yunwar yara. Manya a cikinmu suna tuna 2005. Ruwa ya ɗauke da wuri a daminar 2004, fara ta biyo baya, hatsi ya yi tsadar da talaka ba ya iya saye. A shekarar 2005 kaɗai, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar. A watan Satumba na 2018, asibitin yara na Magariya ya kwantar da yara fiye da 700 a lokaci guda. Ko a shekarar da aka yi albarka, daga Yuni zuwa Satumba rumbu yakan yi ƙasa, uwa tana gona tun safe, ga sauro ya yi yawa a lokacin marka. Yunwa da zazzaɓin cizon sauro sukan haɗu a kan yaro ɗaya, wata ɗaya, kafin a kai ga cin tumu.

Yadda yini yake wucewa

Mu ba likitoci ba ne. Muna taimakon 'yan'uwa ne a wani ɗan wurin kula da yara a wani ƙauye na ƙasar Magariya, da iznin mai gari, muna kuma aiki hannu da hannu da malamin lafiya na gwamnati. Bari mu ba ku labarin yini guda, gama kusan dukan ranakun iri ɗaya ne.

Kafin gari ya waye mun ɗebo ruwa mun hura wuta. Mukan dama kunun gero da garin wake ko gyaɗa, mu zuba garin zogale da ɗan mai. Mukan wanke kofuna da cokula, mu shimfiɗa tabarmi. Da hantsi iyaye mata sukan fara isowa, wata da goyo a baya da wani a hannu, wata ta yi tafiyar sa'a biyu a cikin yashi.

Sai awo. Akwai wani ɗan tsiri mai launi uku da ake naɗawa a tsakiyar damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Idan ya nuna kore, wato damtsen ya kai santimita 12.5, mun gode Allah. Idan ya nuna rawaya, tsakanin 11.5 da 12.5, yaron yana bakin rami, sai a tashi tsaye. Idan ya nuna ja, ƙasa da 11.5, ba a kwana, sai wurin malamin lafiya. Mukan kuma danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa, mu ƙirga uku. In gurbin yatsa ya zauna bai taso ba, kumburin tamowa ne, ko da yaron yana kama da mai ƙiba. Irin wannan, da wanda ya ƙi cin abinci gaba ɗaya, sai a nemi amalanke ko babur a kai shi babban asibiti.

Wanda yake iya ci, malamin lafiya yakan ba uwarsa abincin gyaɗa na leda, wanda ake kira Plumpy'Nut. Wasu Faransawa suka ƙirƙiro shi a 1996, gyaɗa ce da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, ba ya bukatar dahuwa ko ruwa. Shi ya sa uwa take iya jinyar ɗanta a gida maimakon ta kwana makonni a asibiti ta bar sauran yara da gona. Namu aikin shi ne mu bi ta gida mu ga ko yaron yana ci. Sau da yawa mukan tarar an raba ledar da yayyensa. Ba ma yi mata faɗa, gama wace uwa ce za ta ba ɗa ɗaya abinci uku suna kallo? Mukan zauna mu bayyana mata cewa wannan magani ne, sa'an nan mu duba ko akwai mudun gero da za a taimaka wa gidan da shi.

Da la'asar manyan yara sukan taru a gindin darbejiya. Mukan koya musu baƙaƙe da ƙirga da wanke hannu da sabulu, maza su yi langa, mata su yi carafke. Da dare mu cika littafin awo a hasken tocila, mu yi addu'a, mu kwanta. Gobe kuma haka.

Inda muka iske farin cikin

Wanda ya ji wannan zai ce, ina abin murna a nan? Wanke kofi ne da wanke zanen da yaro ya ɓata da zawo. Ba a taron jama'a, ba a tafi, ba mai ɗaukar hoto. Amma ku saurara.

Yaron da tamowa ta kama sosai ba ya wasa, ba ya dariya, ko kuka ma ba ya iya yi da ƙarfi. Idanunsa a buɗe, amma kamar ba ya ganinka. Ka kai masa cokali ya kau da kai. Haka za ka yi ta lallashi, rabin cokali, ka jira, ka sake rabin cokali, yau da gobe da jibi. Rannan sai ka ga ya bi cokalin da ido. Wata rana kuma ka yi jinkiri kaɗan, sai ya fusata ya fizge cokalin daga hannunka, kunu ya zube maka a riga. 'Yan'uwa, ba mu taɓa jin daɗin fushin yaro kamar wannan ba. Masu aikin lafiya sun san alamar: in ci ya dawo, murmushi ya dawo, yaron ya juyo ke nan. A irin wannan safiya mukan duba juna mu kasa magana, uwar tana dariya tana share hawaye da bakin zane.

Sa'an nan muka gane wani abu a cikin Bisharar Markus sura 5. Yesu ya ta da 'yar Yayirus daga matattu, yarinya 'yar shekara goma sha biyu. Mutanen gidan duk sun ruɗe da mamaki. Shi kuwa abin da ya tuna musu shi ne a ba ta abinci. Mai ikon ta da matattu bai raina ƙwaryar abinci ba. Mu'ujizar tasa ce, amma ciyarwar ya bar wa iyaye. Tun da muka ga haka, cokalin nan ya daina zama ƙaramin abu a idonmu. Rai na Allah ne, shi yake mayar da shi, amma ya yarda mu riƙe cokali a cikin aikinsa. Wanda ya san da wa yake aiki, ko wanke kofi yake yi, zuciyarsa takan yi sanyi.

Wuri na biyu da muka iske farin ciki shi ne a hannun iyaye mata. A yankin Mirya, nan cikin jihar Damagaram, ƙungiyar ALIMA ta gwada koya wa iyaye mata yin awon damtse da kansu, aka ga suna iyawa sarai, suna kuma kawo yara da wuri kafin ciwo ya yi nisa. Mu ma mun ga haka da idonmu. Macen da ba ta taɓa shiga lakwal ba, ta ɗaure tsirin awo a bakin zanenta, tana bi gida gida tana auna 'ya'yan maƙwabta, har tana gyara mana in mun naɗa a karkace. Ranar da muka ga ba a bukatar mu tsaya a kanta, murnarmu ta fi ta ranar da muka fara koya mata.

Ranar da babu dariya

Ba za mu ɓoye muku ba, akwai yaran da ba su tashi ba. Wani an kawo shi a makare, zazzaɓi ya riga ya shanye masa jini. Wani a kan amalanke ya cika, tsakanin ƙauye da asibiti. Mun riƙe su a hannu, mun san sunayensu. Mukan je gidan mu zauna tare da dangi a kan tabarma, mu yi ta'aziyya kamar yadda aka saba, mu koma da nauyi a zuciya. A irin wannan dare ba ma iya waƙa.

Amma da asuba akwai wasu yara da za su zo, dole a hura wuta. A nan ne muka koyi bambancin dariya da farin cikin Ubangiji. Dariya takan zo ta tafi. Farin cikin Ubangiji shi ne abin da yake ta da mutum daga tabarma bayan daren kuka, ya ɗauki guga ya nufi rijiya. Ku tuna Nehemiya sura 8. Jama'a sun dawo daga bauta, suka ji karatun Shari'a suka fashe da kuka. Nehemiya ya sallame su su je su ci su sha, ya kuma umarce su su aika wa waɗanda ba su da kome. A cikin aya ɗaya, aya ta 10, aka haɗa aika wa marar abinci rabonsa da farin cikin da Ubangiji yake ƙarfafa mutanensa da shi. Abin da Allah ya haɗa a aya ɗaya, mun same shi a haɗe a cikin aiki.

'Ya'yan maƙwabta

Kusan dukan yaran da muke kula da su 'ya'yan Musulmi ne. Iyayensu sun san ko mu su wane ne, suna jin addu'armu ta safe, ba mu ɓoye sunan Yesu ba. Amma ba mu taɓa sa wa kunu sharaɗi ba, ba kuwa za mu sa ba. Wanda ya sayar da bishara da mudun gero ya ci amanar bisharar, ya kuma ci mutuncin mai jin yunwa. A Farawa sura 21, sa'ad da ruwan Hajaratu ya ƙare a jeji, ta ajiye ɗanta Isma'ilu a gindin wani ɗan itace ta koma gefe don kada ta ga mutuwarsa, Allah ya ji kukan yaron, ya nuna mata rijiya. Allahn da ya ji wannan kuka shi muke bauta wa. Hausawa kuma sun ce ɗa na kowa ne.

'Yan'uwanmu na can sun fi mu sanin tsadar wannan magana. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 an ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai. Bayan haka ba su rufe ƙofa ga maƙwabta ba. A wurinsu muka koyi haƙuri. Muna kuma shaida cewa a ƙauyen da muke, maƙwabtanmu Musulmi sun riƙe mu da mutunci. Su suke ba mu aron amalanke da tsakar dare, matansu suke aiko mana da fura in sun ga rana ta yi ba mu ci kome ba.

To, namu fa?

Mun san akwai masu cewa a zuci, "Namu yaran ma suna fama, me ya kai mu Nijar?" Tambaya ce ta gaskiya, ba ma ƙin ta. Tamowa ba ta san iyaka ba. A 2025 ƙungiyar MSF ta sanar cewa yara fiye da 650 sun mutu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, ga Katsina nan kusa da mu. A shekarar 2025 kuma Amurka da wasu ƙasashen Turai suka rage kuɗin agaji ƙwarai. Wanda yake jiran motar agaji daga nesa zai daɗe yana jira.

Amsarmu ita ce, abin da muka koyo a ƙetare naku ne, mun kawo shi gida. Yaron Magariya da na Kanya Babba damtsensu iri ɗaya ne, tsiri ɗaya yake auna su. Ga abin da muke roƙon kowace ikilisiya ta ɗauka:

Na ɗaya, a lokacin godiyar kaka kowane gida ya keɓe tiya ɗaya ta gero ko wake ko gyaɗa, a zuba a rumbun ikilisiya. Kada a taɓa shi sai Yuli da Agusta. Dattawa su raba shi biyu, kashi ɗaya don yaran ƙauyenku, Kirista da Musulmi, kashi ɗaya don na ƙetare.

Na biyu, kowace Zumuntar Mata ta zaɓi mata biyu su koyi awon damtse da duba kumburin ƙafa. Rabin yini ya isa a koya. A riƙa auna yara sau ɗaya a wata bayan sujada, wanda ya nuna ja a kai shi asibiti a ranar.

Na uku, iyayenmu kakanni, ku ne masu faɗa a ji a ɗakin jego. Kada a matse dakashi a zubar, shi ne rigakafin farko da Allah ya shirya wa jariri. A ba shi nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo. Bayan haka a fara kunu mai gyaɗa ko wake, ana ci gaba da ba da nono.

Na huɗu, da damina idan ma'aikata sun zo gida gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5, ku buɗe musu ƙofa. Kwana uku ake sha a kowane wata, a cika ukun. A kwana cikin gidan sauro, kada a mai da shi shingen lambu.

Na biyar, in yaro ya fara zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan. In babu na leda, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce. A ci gaba da ba shi nono da abinci, a kuma kai shi wurin malamin lafiya.

Na shida, muna bukatar hannuwa. Lokacin da aiki ya fi yawa a can shi ne lokacin noma a nan, mun sani. In wani ko wata ya ji kira ya ba da wata ɗaya, ikilisiyarsa ta yi masa gayya ta nome gonarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu noma gonar da mai riƙe cokalin, aiki ɗaya suke yi.

Kada wani ya ce abin hannunsa ya yi kaɗan. A Yohanna sura 6, guzurin yaro ɗaya ne, gurasa biyar da kifi biyu, Ubangiji ya karɓa ya ciyar da dubbai. Almajiran ma sun raina shi kafin su ga abin da ya zama.

Abubuwan addu'a

Ku yi godiya saboda yaran da suka warke, da iyaye matan da suka zama masu awo a ƙauyukansu.

Ku yi addu'a domin iyayen da suka binne 'ya'yansu a daminar da ta wuce, Allah ya ta'azantar da su.

Ku roƙa wa malaman lafiya na Nijar da na Nijeriya ƙarfi da haƙuri, gama sukan yi aiki dare da rana da kayan aiki kaɗan.

Ku roƙi zaman lafiya tsakanin ƙasashen nan biyu, hanya ta zauna a buɗe, da zaman lafiya tsakaninmu da maƙwabtanmu.

Ku roƙi damina mai albarka, ba fari, ba ambaliya, ba fara.

Ku yi addu'a dominmu, kada gajiya ta sa mu yi wa wata uwa tsawa, kada kuma sabo ya sa mu daina ganin fuskar kowane yaro.

Bayan an tashi za mu zauna a bakin ƙofa da tsirin awo. Duk uwar da ta zo da yaro ta kawo shi mu auna tare, da hannunta za ta naɗa. Fastoci kuma su ba mu sunayen matan da za su koya kafin mota ta tashi.

 Ubangiji ya sa wa rumbunanku albarka, ya raya mana 'ya'yanmu da na maƙwabtanmu, ya kai kowa gidansa lafiya. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.